Hawayen Waƙa da Kiran Ubangiji

Duk shekara idan Disamba ta kama, hunturu ya sauko, majami'u daga Wusasa har Jos sukan cika da waƙoƙin Kirsimeti, matan Zumunta na buga tulu, yara na amshi. Ba baƙon abu ba ne a ga saurayi ya fito daga sujadar dare idanunsa sun yi ja, yana cewa ya ji kira, shi daga yau aikin Ubangiji zai sa gaba. Wani har karatu yakan ajiye saboda haka. To, abin da ya ji ɗin nan kira ne, ko kuwa daɗin murya ne ya ɗebe shi? Tambayar ba ta Kirista kaɗai ba ce. Duk wanda ya taɓa zubar da hawaye a wurin Maulidi ana rera Ishiriniya ya san ta.

Bari mu ɗauki waƙa guda mu auna, wato wadda Jamusawa ke kira Stille Nacht, Ingilishi kuma Silent Night. Wani matashin fada ne, Joseph Mohr, ya rubuta baitocinta a 1816 a yankin Salzburg na ƙasar Ostiriya. Shekarar ba ta daɗi ba ce: yaƙe-yaƙen Napoleon sun bar ƙasar a tagayyare, ga shi aman dutsen Tambora na 1815 ya rikita yanayi, amfanin gona ya lalace a Turai. Shi kansa Mohr ɗan talakawa ne, an haife shi ba ta hanyar aure ba, uban kuma soja ne da ya gudu. A jajibirin Kirsimetin 1818 ya kai baitocin wurin wani malamin makarantar ƙauye, Franz Gruber, ya sa musu kari, suka rera a cocin Oberndorf da jita.

Ƙarfin waƙar ba abin musu ba ne. A Kirsimetin 1914, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Jamus sun rera waƙoƙin Kirsimeti daga ramukansu, har da wannan, na Ingila suka amsa da nasu. A wurare da dama aka ajiye bindiga, aka gaisa, aka yi musayar taba, aka binne gawawwaki. Masu ba da wannan labari sukan tsaya a nan, amma ni abin da ya biyo baya ya fi damuna. Cikin 'yan kwanaki aka koma harbi, kuma yaƙin bai ƙare ba sai 1918. Ba na zargin mutanen nan da munafunci. Abin da suka ji gaskiya ne. Sai dai shauƙi kamar ruwan sama yake a kan fako, yakan jiƙa sama ya wuce.

Saboda haka a ganina hawayen ba su isa shaida ba. Waƙa tana tausasa zuciya, tana nuna wa mutum abin da ya kamata ya zama, amma ba ta faɗa masa abin da zai yi ranar Litinin. Wannan sai ya nemo da kansa, kuma a nan ake gane ko kira ne. Wani zai ce na ƙasƙantar da waƙa. A'a, in ba don ita ba da yawanmu ko tambayar ba za mu yi ba.

Dubi yadda Mohr ya ƙare. Waƙar ta bar hannunsa, mawaƙa suka yawata da ita ƙasa-ƙasa ba tare da sunansa ba, har wasu suka jingina karinta ga Haydn ko Mozart. Sai a 1854 Gruber ya rubuta bayanin asalinta, kuma sai a 1995 aka gano kwafinta da rubutun hannun Mohr. (Mu marubuta da ke faɗa kan wanda za a fara ambata a bangon littafi, sai mu yi shiru.) Shi kuwa a 1837 aka tura shi ƙauyen Wagrain cikin duwatsu. Can ya tsaya kai da fata aka gina makaranta, ya kafa asusu don 'ya'yan talakawa su samu shiga, ya kula da tsofaffi, yawancin abin da yake samu ya bayar. Ya rasu a 1848 ba shi da komai, kabarinsa na nan kusa da makarantar da ke ɗauke da sunansa.