Tafiyar da Ido Ba Ya Gani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya mai ganin tudu kana cewa tsaye,
Ai inda ka bar shi bara bai zauna ba.

Kogi na ƙanƙara bisa dutse kwance,
Kullum yana tafe, ido bai gane ba.

Tafkinmu taƙi taƙi ne ya janye,
Ba dare ɗaya ya bar masunta ba.

Haka zuciyarka, ɗan'uwa, yi hattara,
Gangara take in har ba ta hau ba.

Sharhi

Ka sani, ya kai muridi, Allah ya yi mana rahama da ni da kai, cikin halittar Ubangiji akwai abubuwa masu nauyi da ke tafiya alhali mai kallo yana rantsuwa a tsaye suke. Tudun rairayi na ƙasar Kanem yana cikinsu: iska na ɗibarsa ƙwaya ƙwaya har ya haye gona da rijiya.

Kogin ƙanƙara kuwa, a ƙasashen sanyi da kan manyan duwatsu ake samunsa. Dusar ƙanƙara ce ke zuba shekara bisa shekara ba ta narke duka ba, ta sama ta danne ta ƙasa har ta daskare, sa'an nan nauyinta ya sa ta gangara. Da yawansu tafiyarsu a yini ba ta wuce taƙi ko kamu ɗaya ba, amma da wannan rarrafe suke jan manyan duwatsu, su sassaƙe kwari.

Mu mutanen Injamena mun ga irin wannan a Tafkin Chadi. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Aka yi farin 1973, aka yi na 1984, abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Garin Ngigmi da ke bakin ruwa ya wayi gari a kan tudu. Amma babu masuncin da zai nuna maka ranar da tafkin ya tafi.

To, ga mas'alar. In ka ce: "Ni ban aikata babban laifi ba, ɗan jinkirin asuba ne, ɗan tauye mudu ne, kalma ɗaya ce a kan maƙwabci, ina abin tsoro?" Sai mu ce maka: wace ƙwayar rairayi ce ta binne rijiyar? Kowace ƙwaya za ta ce ba ita ba ce, rijiyar kuwa ta binnu. Saboda haka malamai suka yi gargaɗi cewa dogewa a kan ƙaramin zunubi yana mayar da shi babba.

In ka ce kuma: "Ai ni ina jin kaina yadda nake tun da," sai mu ce: wanda ke zaune bisa kogin ƙanƙara tare suke tafiya, ba zai ji motsi ba. A shekarun 1840 wani masani mai suna Agassiz ya kafa turaku a jere, suka ratsa wani kogin ƙanƙara a ƙasar Suwizalan. Da ya koma bayan shekara sai ya tarar sun gusa, na tsakiya sun fi na gefe nisa. Da me ya gane? Da duwatsun gefe waɗanda ba su gusa ba. Haka nan mutum ba ya auna kansa da kansa, ba ya auna kansa da abokan zamansa, domin tare suke gangarawa. Ma'auninka shi ne Shari'a da Sunnar Ma'aiki, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da idon shehun da ya san ka tun ranar da ka karɓi wuridi. Kafa turkenka a azumin bana: sallarka, mudunka, harshenka. In Allah ya kai mu na baɗi, koma ka duba ina ka gusa.

Kada kuma wannan ya sa ka yanke ƙauna, domin alheri ma haka yake tafiya. Wanda ya shekara goma yana lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, ya ce bai ga buɗi ba, shi ma bisa ƙanƙara yake zaune. Ya tambayi iyalinsa ko fushinsa na da yana nan. Tafkin da muka yi wa kuka ma wani sashensa ya komo, kogin Shari da Logone suka cika har suka shiga unguwar Waliya a 2022. Wanda ya janye ruwa Shi ne ya komo da shi.

Allah ya sa tafiyarmu ta ɓoye zuwa gare Shi take, ya cika mu da imani. Allah ne Mafi sani.