MAKARANTA TA GWAMNATI CE, 'YA'YA KUWA NAMU NE



Dattawanmu ba su manta da shekarun 1970 ba, sa'ad da gwamnati ta karɓe makarantun mishan. A Kaduna, St. John's College ta koma Rimi College, Queen of Apostles kuma ta zama Queen Amina College. Abin ya yi mana zafi ƙwarai. Tun daga nan da yawa daga cikinmu muka naɗe hannu, muna cewa tun da sun karɓa, sai su gyara. To, amma su wane ne ke zaune a ƙasa cikin ajin da iska ta yaye wa rufi? 'Ya'yanmu ne, na manoma da leburori, waɗanda iyayensu ba su da halin biyan makarantar kuɗi.

Majalisar Vatican ta Biyu ta koyar a 1965 cewa iyaye su ne malaman farko na 'ya'yansu. Allah ne ya ɗora mana wannan nawaya, ba kuwa wata doka da ta sauke mana ita.

Mu duba Nehemiya sura 3. Da aka tashi sāke gina garun Urushalima, firistoci da 'yan kasuwa da maƙeran zinariya duk sun fito, har da 'ya'ya mata na wani shugaba. Waɗansu sun gyara daidai wurin da ke fuskantar gidajensu. Cikin kwana 52 aka gama. Makarantar firamaren unguwarmu ita ce sashen garun da ke ƙofar gidanmu.

Ba muna cewa gwamnati ta huta ba ne. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro. Amma wanda bai taɓa zuwa taron iyaye da malamai ba, da wane baki zai tambayi Sakataren Ilimi inda kujeru suka tafi?

Saboda haka muna roƙon kowane katikis, tare da Zumuntar Mata da matasa, su ziyarci hedimasta, su ƙirga azuzuwan da ke yoyo da 'yan matan da suka daina zuwa. A sa ranar gayya kafin damina. A gayyaci mai unguwa da limamin masallaci, gama 'ya'yansu da namu benci ɗaya suke zama, inda akwai bencin.