Nawa Ne Kuɗin Ganin Tsuntsu?

Da asuba a Moduganari, kafin masu keke-napep su cika titi da ƙara, tsuntsaye ne ke da unguwar. Kurciya tana kuka a cikin dogonyaro, hasbiya tana sauka a kan kwanon gidaje, balbelu suna wucewa a jere zuwa wajen shanu, shirwa kuma tana shawagi tana jiran abin da za a zubar. A ƙarƙashin itacen akwai yaro da danƙo a wuya da tsakuwa a aljihu. Wannan yaro ya fi yawancin manyan unguwar sanin tsuntsaye, gama ya san reshen da kurciya ke kwana, ya san lokacin da take saukowa shan ruwa. Ya kuma san abin da kasuwa ta koya wa kowa, wato tsuntsu ba shi da kuɗi sai ya shiga hannu. Na sama na Allah ne. Na cikin keji da na kan garwashi su ake tayawa.

Akwai wata gasa da ta juya wannan lissafi. A jihar New Jersey ta Amurka, tun shekarar 1984, ƙananan ƙungiyoyi kan fita a wata rana ta watan Mayu, daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare na gaba, suna zagaya daji da fadama da bakin teku. Burinsu shi ne su ga, ko su ji kukan, tsuntsaye iri-iri gwargwadon iyawarsu cikin awa 24. Ba harbi, ba tarko. Kafin ranar, kowace ƙungiya ta riga ta bi 'yan'uwa da abokai da kamfanoni sun yi mata alkawari, wannan ya ce zai ba da kaza a kan kowane iri da aka gani, wancan ya ce kaza. Ƙungiyar da ta ci a shekarar farko ta kawo iri 201. Kuɗin da aka tara yana tafiya ga aikin kare dazuzzuka da fadamun da tsuntsayen ke zama. A 2014 aka fara irin wannan gasa a Eilat ta ƙasar Isra'ila, domin tara kuɗin yaƙi da kisan tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Turai da Afirka.

Ƙirga tsuntsu a maimakon kashe shi kuwa yana da tarihin da ya shafi masu bi. A Amurka ta ƙarni na 19 akwai al'adar fita farauta ran Kirsimeti: a rabu gida biyu, a harbe duk abin da ya motsa, wanda tulinsa ya fi girma shi ya ci. A 1900 wani masanin tsuntsaye, Frank Chapman, ya ba da shawara a fita dai kamar yadda aka saba, amma a bar bindiga a gida a riƙi takarda. Mutum 27 suka amsa, a wurare 25, suka ƙirga iri wajen 90. Har yau ana yin wannan ƙidaya kowane lokacin Kirsimeti. Abin lura shi ne Chapman bai yi wa mutane wa'azi a kan son rinjaye ba. Ya bar musu son nasu, ya canja musu abin da za su yi takara a kansa.

To, a ce matasan wata majami'a a Moduganari sun tashi za su yi haka: su ware Asabar guda, su kasu ƙungiya-ƙungiya, su bi bakin kogin Ngadda da gonakin gefen gari, kowane mai hali ya yi alkawarin 'yan nairori a kan kowane iri. Hanyar tara kuɗin ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya taɓa zama a gwanjon godiyar kaka ya ga an sayi zakara da kuɗin tunkiya, kowa yana dariya, gama kowa ya san ba zakaran ake saye ba. Abin da zai tsayar da matasan shi ne tambayar da wani dattijo zai yi musu, kuma tambaya ce mai nauyi. Wannan birni ya karɓi dubban ɗaruruwan mutanen da rikici ya koro daga ƙauyukansu. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya cinye unguwanni, mutane suka kwana a kan titi. Akwai gwauraye a kowane benci na majami'a, akwai marayun da kuɗin makaranta ya gagara. Da wane ido za a dubi waɗannan a ce ana tara kuɗi domin tsuntsaye? Manomin gero da dawa zai ƙara da cewa shi tsuntsun da ya sani jan-baki ne, wanda kan sauko kamar hadari ya share masa wahalar damina a yini guda.

Bai kamata a yi saurin amsa wa dattijon nan ba. Idan naira ɗaya ce ta rage, yaro kuma yana kuka da yunwa, babu muhawara, ta yaron ce. Amma ba kullum zaɓin ke zuwa a haka ba, domin yawanci wurin da ke ciyar da tsuntsu shi ke ciyar da mutum. Fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen ruwa daga Turai kan yi hunturu, inda kuma Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, lokacin ƙasar tana cikin jihar Borno, su ne gonar shinkafar manomi, da tafkin masunci, da makiyayar Bafulatani a rani. A shekarun 1960 masana sun zauna a Malamfatori suna auna nauyin ƙananan tsuntsayen da ke tara kitse a bakin Tafkin Chadi kafin su haye Sahara. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000 a wancan lokaci ya janye ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980, masunta da tsuntsaye suka rasa tare. Sai kuma ungulu. Duk wanda ya manyanta a Arewa ya tuna yadda take cika mahauta da bayan kasuwa, har aka ce ba ta jewar banza. Yau yara da yawa ba su taɓa ganinta ba, kuma tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinta domin tsibbu suna cikin abubuwan da suka cinye ta. Aikin da take yi kyauta, na kwashe mushe kafin ya zama cuta, yanzu ya koma kan karnuka da ƙudaje, kuma talaka ne ke zaune kusa da juji.

Duk da haka akwai abin da ke damun lamiri a cikin sa wa gani farashi. Linjila ta taɓa maganar kuɗin tsuntsu. A Matiyu sura 10 an ambaci gwara biyu a kan tsabar kuɗi guda, a Luka sura 12 kuma biyar a kan tsaba biyu. Mai zuwa kasuwa zai gane nan take cewa na biyar ɗin gyara ne, wanda mai sayarwa ya ɗora a kai domin bai ɗauke shi a bakin komai ba. Abin da nassin ke koyarwa shi ne har wannan gyaran Allah bai manta da shi ba. Darajarsa ba daga kasuwa ta fito ba. Mai gasa da ya fara ganin tsuntsu kamar takardar naira mai fukafukai, ya kalle shi na daƙiƙa biyu, ya rubuta, ya ruga zuwa na gaba, bai yi nisa da yaro mai danƙo ba. Bambancinsu dai shi ne tsuntsun ya tsira da ransa, wannan kuwa ba ƙaramin bambanci ba ne, musamman a wurin tsuntsun.

Lissafin gasar yana da wani kyau, yana kuma da wata makanta, dukansu daga wuri ɗaya suka fito. Kowane iri maki ɗaya ne. Hankaka da ke tonon bola da gauraka mai kambi, wanda ake ɗauka tsuntsun ƙasa na Nijeriya ko da yake ganinsa ya yi wuya ƙwarai, daidai suke a takarda. Wannan yana tilasta wa mutum ya dubi abin da ya saba rainawa. Amma ta wannan lissafi, garken jan-baki da ya rufe rana maki ɗaya ne, ungulu guda da ta rage a gari ita ma maki ɗaya ce. Ƙungiya za ta iya kawo iri 80 bana, ta kawo 80 bayan shekara goma, a yi tafi a raba kyauta, alhali kowane iri ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma. Takardar ba ta yi ƙarya ba, amma ta ɓoye abin da ya fi muhimmanci. A nan ne ƙidayar Chapman ta fi gasar, domin ita tana ƙirga har yawan kowane iri, shekara bayan shekara, a wuri guda.

Sai babban al'amari, wanda shi ne ya sa wannan wasa ya cancanci tunanin masu bi. Gasar ba ta da alƙalin da ke bin kowa. Da ƙarfe uku na dare, a cikin daji, mutum ya ji wani kuka sau ɗaya, ya yi kama da na mujiya. Babu mai gani sai abokan tafiyarsa. Dokar irin wannan gasa ta ce kashi 95 cikin 100 na tsuntsayen da ke takarda dole kowane ɗan ƙungiya ya shaida su da kansa, amma ko wannan doka a kan kalmar mutane ta tsaya. Kowane suna da aka ƙara kuma kuɗi ne, kuɗin kuwa na aikin alheri ne. Babu jarabar da ta fi wannan santsi, gama mai yin ta ba aljihunsa zai cika ba. Zai ce wa zuciyarsa, ai fadama za a kare, wa aka cuta? Wannan murya sananniya ce. Ita ce ke sa a ƙara yawan mahalarta a rahoton taro, a ƙara yawan mabukata a takardar neman taimako, a ce ai duk domin aikin Ubangiji ne. Wanda aka cuta shi ne mai alkawari, da ya biya kuɗin tsuntsun da ba a gani ba, da kuma masanin da zai ɗauki takardar nan gaba ya gaskata cewa irin yana nan, a fasa nemansa. Shaidar zur a kan tsuntsu tana iya zama hatimin ƙarewarsa.

Nijeriya tana da tsuntsaye fiye da iri 900, kuma akwai inda takarda mai gaskiya za ta yi amfani. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita tara a tsaye da a kwance, masu sa kai su shiga su yi aƙalla awa biyu suna rubuta abin da suka gani. Moduganari tana cikin ɗaya daga gidajen nan, kamar kowace unguwa. Matasan da suka fita ran Asabar za su iya miƙa takardarsu can, su kuma riƙe wata a ofishin majami'a mai ɗauke da yawan kowane iri, da sunayen waɗanda aka nema aka rasa. Dattijon da ya yi tambaya yana da aiki a nan, domin shi ne ya san inda shamuwa ke sheƙa a farkon damina shekara arba'in da suka wuce, shi ne zai faɗi abin da ya kamata a nema. Kuɗin kuma ya kamata a faɗi inda za shi tun kafin a fita, a wurin da mai alkawari zai iya zuwa ya duba, ko da dashen itatuwa ne a bakin kogi da biyan wanda zai yi musu ban-ruwa har su kama.

Game da jagora, kowace ƙungiya za ta buƙaci wanda ya san reshen da kurciya ke kwana. Yana nan ƙarƙashin dogonyaro, kuma ladan yini guda na nuna hanya ya fi abin da zai samu a kurciya uku.