Numfashin Wa Ke Hannun Marubuci?

Duk wanda ya taɓa hawan tudun rairayi a ƙasar Gure, can gabas da Damagaram, ya san ba ƙafa ke fara gazawa ba, ƙirji ne. Rairayi na zamewa, taku biyu ya koma ɗaya, ga ƙurar hunturu tana cika hanci. Baƙo yakan taso da gaggawa, baki buɗe yana haki, kafin rabin tudu ya durƙusa. Ɗan gari kuwa, wanda ya saba gangarawa kwarin kanwa da dabino, yakan daidaita numfashinsa da takunsa, ya kai ƙoli yana hira.

Masana jiki sun nuna cewa abin da ke fara matsa wa mutum ya shaƙi iska shi ne taruwar kabon dayoksaid a cikin jini, tun kafin oksijin ta yi ƙaranci. Ke nan jiki yakan yi ƙara tun ƙarfinsa bai ƙare ba. Mai gudun dogon zango na kilomita 42 yana horar da kansa ya ji wannan ƙarar kada ya firgita. Haka ƴan kokowa da ke neman takobin ƙasa, gasar da aka soma a Tawa a 1975: gwani yakan ɓoye hakinsa, yana sauraren na abokin karawa, in ya ji ya tsinke sai ya kai hannu. Mai algaita a ƙofar fada ya fi kowa a wannan fage, don yana tara iska a kumatu, ya shaƙi wata ta hanci, busa ba ta yanke ba.

Marubucin ƙagaggen labari ma da numfashi yake aiki, sai dai ba nasa ba ne. Aya da waƙafi su ne wuraren da ya ba mai karatu izinin hutawa. In ya tsawaita jimla, ya ƙi sa aya, mai karatu na binsa kamar mai hawan tudu. In ya gutsuttsura ta, haki ya zo. Kakanni masu tatsuniya sun san haka tun ba a san boko ba: sukan yi shiru daidai inda Gizo ya kusa shiga hannu, yara duka su ƙame.

A nan ne tambaya ta taso. Mai gudu nasa ƙirjin yake wahalarwa, ɗan kokowa kuma da wanda ya yarda ya shigo fili yake karawa. Amma mai karatu amana ya kawo. Shin marubuci na da ikon riƙe numfashin da ba shi ya ba da ba, kuma har zuwa yaushe?

Abubakar Imam ya ba da amsa guda a Magana Jari Ce, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1937. Sarki ya tafi yaƙi, waziri ya ƙulla makirci, aku kuwa ya dinga tsare yarima Musa da labari bayan labari har gari ya waye, don kada ya fita ya halaka. Dabara ce, babu shakka, har da ɗan wayo a ciki; Musa bai san ana riƙe shi ba. Abin da ya wanke akun shi ne ribar riƙon ta koma ga wanda aka riƙe.

A gefe guda kuma akwai al'adar da ta yaɗu a kasuwar littattafan Kano tun ƙarshen shekarun 1980, ta yanke labari a tsakiyar tashin hankali a ce sai littafi na biyu. Ba a yi wa marubutan adalci ba in aka manta cewa da yawansu da kuɗin aljihunsu suke buga aikin, kuma su ne suka sa dubban mata da matasa karatun Hausa. Duk da haka akwai bambanci tsakanin yankewar da labari ya nema da wadda ciniki ya nema, kuma mai karatu yakan gane, ko da bai iya faɗa ba. Wanda aka sa haki shafi ɗari, daga ƙarshe ya tarar babu komai bisa tudun, da wuya ya sake ba da ƙirjinsa da zuciya ɗaya.

Malamin makaranta na da ma'auni mai sauƙi a hannunsa. Ya sa ɗalibi ya karanta shafi guda da babbar murya a gaban aji. Inda yaron ya shaƙe alhali babu abin da ke faruwa a labarin, laifin marubuci ne. Inda kuwa aji duka ya yi tsit, har mai karantawar ya manta da waƙafin da ke gabansa, sai malam ya bar shi ya wuce, kada ya gyara masa.