Hannun Da Ya Taɓa Kuturu

Wanda ya fita birnin Katsina ya kama hanyar Batsari, kafin ya yi nisa zai wuce Babbar Ruga. A can ne mishan na S.I.M. ya riƙe aikin jiyyar kutare tun ƙarshen shekarun 1930, kuma waɗansu daga cikin masu-bi na fari a ƙasar Katsina a can suka ji bishara. Tsofaffinmu sun san yadda a ke yi da kuturu a zamanin: ƙwaryarsa dabam, tabarmarsa dabam. Da maganin dafson ya zo wajen 1950, cutar ta soma warkewa, amma ƙyamar mutane ba ta warke tare da ita ba.

Ya 'yan'uwa, yau akwai wata ƙwarya da mu ke warewa. Maganar samarinmu da 'yanmatanmu mu ke yi, masu ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, watau HIV. An fara ba da labarinta a Nijeriya a 1986. Binciken da gwamnati ta yi a 2018 ya nuna manya kamar 14 cikin 1,000 ke ɗauke da ita a ƙasa duka, a Jihar Katsina kuwa kamar 3 cikin 1,000. Wani zai ce, ai da sauƙi. Amma inda masu ita ba su da yawa, nan ne yaro ya ke zaton shi kaɗai ne a duniya.

Cikin Markus sura 1, kuturu ya zo ya durƙusa a gaban Ubangijinmu. Yesu bai tambaye shi inda ya samo cutar ba. Ya miƙa hannu ya taɓa shi. Mu fa, da me mu ke farawa? Da tambaya, da raɗa a bayan majami'a. Alhali da yawa cikin yaran nan da ita aka haife su, ko a nono suka sha ta. Wanda ya same ta ta wata hanya kuma, shin hannun nan ya gajarta a kansa? Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko gaisuwa, ko cizon sauro, ko ƙoƙon Jibin Ubangiji.

Mu lura kuma, bayan taɓawar Yesu ya aiki mutumin wurin firist domin a duba shi. Saboda haka kada wani ya ce wa yaro ya zubar da magani domin ya nuna bangaskiya. Wannan ba bangaskiya ba ce, kisa ne. A 2006 gwamnati ta soma ba da maganin kyauta, ga yawancin matasa kuwa ƙwaya ɗaya ce tak kowace rana. Ba ta kashe cutar, danne ta ta ke yi. In an bar sha, cutar ta kan farfaɗo, wani lokaci har ta saba da maganin ya daina cinta. A yi addu'a, a haɗiye ƙwaya.

A Batsari da Safana abin ya fi wuya, gama garuruwan suna bakin Dajin Rugu. A Fabrairu 2020 'yan bindiga suka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari, a Afrilu na shekarar kuma ƙauyukan Safana suka sha irin wannan. Wanda ya gudu da tsakar dare, tabarma ma ba ya ɗauka, balle kwalbar da ya ɓoye a ƙasan akwati domin kunya. Ashe ɓoyon da mu ke tilasta musu shi ke raba su da maganinsu! Ɗana, 'yata, ki ajiye katin asibiti da magani a jaka guda kusa da inda ki ke kwana. Ki roƙi ma'aikacin lafiya ya ba ki na wata uku ko fiye in ya yiwu. In gudu ya kai ki Katsina ko Dutsin-Ma, ki nemi asibiti tun kwalba ba ta ƙare ba. Ki zaɓi babba guda mai-riƙon amana wanda ya san halinki.

Akwai abin da ya fi ɗaci. Yarinyar da mugaye suka yi wa fyaɗe, akwai maganin tsari da ke hana cutar kama ta, in an soma shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Zumuntar Mata, kada ku tsaya shawarar yadda za a rufe magana har kwana uku su wuce. Ku yafa mayafi ku raka ta.

Sai batun aure, wanda dattibai su kan yi tari su wuce. Koyarwar ekklesiya a kan kamewa kafin aure da aminci cikin aure tana nan yadda ta ke. Amma kada mu ƙara mata ƙarya cewa mai-ɗauke da cutar ba shi da rabon gida. Likitoci sun tabbatar, wanda ya riƙe magani har awon jini ya kasa ganin ƙwayar cutar, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ita ta kwanciya. Yawanci a kan kai ga haka cikin wata shida. Kafin nan ma'aurata su yi amfani da kwaroron roba, wanda ke tsare su daga ciwon sanyi kuma. Mace mai-ciki, in ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 su kan kamu; da magani da awon ciki, ba su kai 5 ba.

Abin da ke wuyan saurayi shi ne ya gaya wa wadda ya ke nema gaskiya tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba, su tafi gwaji tare. Abin da ke wuyan pasto shi ne ya kama bakinsa. Takardar gwaji ba abin karantawa a taron dattibai ba ce, dokar ƙasa ta 2014 ma ta hana a tona asirin mutum ko a ware shi saboda cutar. In iyayen yarinya suna tsoro, sai pasto ya nemi yardar yaran biyu, ya kai iyayen wurin ma'aikacin lafiya su ji bayanin awon jinin da kunnensu.