Wa Ya Biya Kuɗin Hasken Nan?

Karatu: Yohanna 1:1-14, Filibiyawa 2:5-11

Kowace shekara idan Kirsimeti ta gabato, jama'a kan taru a Washington, babban birnin Amurka, kusa da fadar shugaban ƙasa, domin su ga an kunna fitilun wata babbar bishiya. Al'adar ta fara ne ranar 24 ga Disamba, 1923, sa'ad da Shugaba Calvin Coolidge ya danna maɓalli, ƙwayayen lantarki 2,500 suka kama. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma mai kallon fitila ba safai yake tambayar inda wutar ta fito ba.

Kai da kake zaune a bakin tafkin Kainji, ka san cewa wuta ba ta zuwa a banza. Da aka gama madatsar ruwan a 1968, Kwara ta cika ta batse. Ruwa ya cinye tsohuwar Busa, ya rufe tsibirai da gonakin albasa na Gungawa. Dubban mutane, har da na ƙasar Yauri da Ngaski, suka tashi zuwa sababbin ƙauyuka, suka bar kaburburan kakanninsu a ƙarƙashin ruwa. Waɗansu sun rasa gida domin birane masu nisa su sami haske.

Haka hasken Kirsimeti yake, sai dai Yesu ba tashinsa aka yi ba. Da yardarsa ya bar ɗaukakar sama, aka haife shi cikin talauci, ya tafi har kan gicciye. Ceton da ka samu kyauta, da jininsa aka biya.

To, ɗan'uwa, 'yar'uwa, me kake yi da hasken da aka saya da tsada haka? Ƙwan lantarki ba shi da wutar kansa. In ka yanke addu'a, ka daina jin muryar Ruhu Mai Tsarki, sai ka zama ado kawai a jikin bishiya. In kuwa kana haɗe da shi, maƙwabcinka zai gani: a mudun da kake awo da shi a kasuwar Yauri, a yadda kake raba kifi da abokin jirginka, a gafarar da ka daɗe kana riƙewa.

Yau ka nemi mutum ɗaya da ke cikin duhun rashi ko ciwo, ka kai masa abinci da addu'a.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin Ɗanka da ya bar kursiyinsa saboda ni. Ka cika ni da Ruhunka, kowane duhu ya gudu daga gidana, cikin sunan Yesu. Amin.