Damuwar Mai Gadin Fursuna: Cuta Ce Ko Shaida?

 

Ya 'yan'uwa masu karatun wannan fili, Larabawa suna kiran wanda aka kama a yaƙi "asir", kalmar kuwa 'yar'uwar "isar" ce, watau igiyar fata da a ke ɗaure mutum da ita. Igiya kuwa baki biyu gare ta. Mun saba duban bakin da ke wuyan hannun fursuna, haka kuwa ya kamata, amma yau ina so mu dubi ɗaya bakin, wanda ke hannun sojan da aka ce ya riƙe.

A cikin Janairun 2002 Amurka ta buɗe kurkukun Gwantanamo a tsibirin Kyuba, inda aka tsare Musulmi wajen 780, akasarinsu ba a ko gurfanar da su gaban alƙali ba. Masu gadinsu kuwa galibi samari ne, waɗanda aka gaya musu tun kafin su sauka cewa mutanen nan su ne mafi mugunta a duniya. Soja zai yi awa 12 yana kai da kawowa, yana leƙen ɗakuna kowane 'yan mintoci kada wani ya rataye kansa, wani lokaci a watsa masa fitsari ko najasa, ya wanke ya komo. A 2013, sa'ad da fiye da fursunoni 100 su ka ƙi cin abinci, sojojin nan ne ke ɗaure mutum a kujera a zura masa roba ta hanci. Da yawa daga cikinsu sun koma gida da rashin barci, da mugun mafarki, da saurin fushi, da shan giya, har rundunar ta kafa sashe na musamman a sansanin domin damuwar sojoji kawai.

Na san wani zai ce, yanzu Malam mai duka ne za ka taya kukan ciwon hannu? To, ban daidaita wahalar biyun ba, ba kuwa za su daidaitu ba. Tambayata ita ce: wannan abu da ke hana mai gadi barci, cuta ce da za a ba shi magani ta tafi, ko kuwa shaida ce da zuciyarsa ke bayarwa a kansa? A ganina abu biyu ne su ka haɗu a ƙirji ɗaya, kuma ɓarna ta kan auku in aka ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya.

Na farko cuta ce zalla. Mutumin da ya shekara cikin fargaba da gajiya, jikinsa ya kan koyi firgita har ya kasa dainawa ko bayan ya koma ɗakin matarsa. Malamanmu sun san wannan tun kafin likitocin Turai. Abu Zaidin Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdani wal Anfus, ya yi babi a kan tsoro da baƙin ciki da waswasi, ya kuma bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke tasowa daga jiki, ya ce na biyun sai an haɗa da magani. Saboda haka wanda ya ce wa irin wannan soja ƙarancin imani ke damunsa, ko ya ce namiji ba ya kuka, ya zalunce shi.

Na biyun shi ne ya fi bukatar mu tsaya a kansa. Masu tarihin Annabi sun ruwaito cewa a daren da aka gama yaƙin Badar, fursunoni 70 na ɗaure, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasa barci. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce nishin baffansa Abbas ya ke ji cikin ɗauri. Wani sahabi ya tashi ya sassauta wa Abbas, a wata ruwaya kuwa Annabi ya ce a yi wa sauran duka haka. Ku duba, jama'a. Wannan shi ne mafi cikar hankali da lafiyar zuciya cikin talikai, a daren nasara, bisa gaskiya tsantsa, amma nishin ɗaurarre ya hana shi runtsawa, kuma bai sami barci ba sai da aka taɓa igiyar. Hadisin Nawwas ɗan Sam'an da ke cikin Muslim ya siffanta zunubi da abin da ke kai da kawowa a ƙirji, mutum yana ƙin a gani. Wannan irin damuwa ba ƙwayar da ke warkar da ita, kuma likitan da ya kashe ta bai yi wa mai ita alheri ba. Likitocin sojan Amurka da kansu sun zo sun gane haka, har su ka ba ta suna dabam, su na ce da ita raunin lamiri.

Kurkukun Abu Guraib kusa da Bagadaza ya nuna abin da ke faruwa in zuciya ta daina wannan motsi. Hotunan da su ka fito a 2004 sun nuna sojoji na murmushi a kan tsiraicin fursunoni. Binciken Janar Taguba ya tabbatar cewa masu gadin ba su sami horon aikin ba, sun yi kaɗan, kuma ba mai sa musu ido. An ɗaure Charles Graner shekara 10, Lynndie England shekara 3, manya kuwa ba wanda ya kwana a kurkuku. Amma a cikin rundunar nan guda akwai Joseph Darby, wanda ya ga hotunan, abin ya tsaya masa a rai, ya kai su ga masu bincike, har zama a garinsu ya gagare shi. Wa ya fi lafiya, mai murmushin ko mai damuwar?

Gajiya ba ta zama uzuri ga mai azabtarwa, umurni ma haka, domin an ruwaito labarin shugaban rundunar da ya ce mutanensa su faɗa wuta su ka ƙi, Annabi ya ce biyayya a cikin abin kirki kaɗai ta ke. Sai dai kaso mafi girma na wuyan shugabanni ne. Alƙali Abu Yusuf a cikin Kitabul Kharaj ya shawarci Haruna Rashid ya yanka wa fursunoni abinci da tufafi daga baitulmali, ya ɗora mutumin kirki a kan rabon, kada a bar Musulmi cikin ɗaurin da zai hana shi tsayuwar salla. Wannan rahama ce ga fursuna, rahama ce kuma ga gandiroba, gama wanda aka sa shi gadin mayunwata kullum ana cin wani abu daga zuciyarsa. Steve Wood, wanda ya gadi Muhammadu Wuld Salahi a Gwantanamo ya kuma mu'amalance shi da mutunci, daga baya ya musulunta, a 2018 ya tafi har Nuwakshot ya sauka a gidansa.

Mu ma ba mu tsira ba. 'Ya'yanmu ne ke gadin waɗanda a ke tuhuma da Boko Haram a barikin Giwa na Maiduguri, wanda aka kai wa hari ranar 14 ga Maris 2014, kuma an yi ƙorafi mai nauyi a kan halin tsararru a can. Sojan da ya dawo daga irin wannan wuri ya fi saurin zuwa wurin liman da zuwa asibiti. To, ya kai Malam, kada ka yi gaggawar ba shi rubutu ka sallame shi. Ka zauna ka ji ta bakinsa. In firgita ce da rashin barci, ka yi masa addu'a, ka kuma raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, a Maiduguri da Kaduna duk akwai asibitin. In kuwa ya ce hannunsa ya taɓa wani ba bisa haƙƙi ba, kada ka ce masa ba kome, kada kuma ka ɗebe masa tsammani daga rahamar Allah. Ka koya masa sharuɗɗan tuba, ka gaya masa haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa da istigfari kawai, sai a nemi mutumin ko magadansa, in kuwa hukuma ta buɗe bincike ya je ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Wallahu a'alamu.